Zo Ki Ɗauke Kwano

Shekara biyu Baba ya yi a gidana a Abuja yana kirana Sista. Ba laifinsa ba ne. Ni ce mai kawo magani safe da yamma, ni ce mai ɗaura masa abin awon jini a hannu, ni ce kuma mai faɗa idan ya ɓoye ƙwaya a ƙarƙashin harshe. Duk wanda ya ga mace tana wannan aiki da ɗaurarriyar fuska ai ma'aikaciyar asibiti zai ɗauke ta. Ya san Mama, ko da yake wani lokaci sai ta yi magana tukuna. Yayana kuwa yakan ɗauke shi a matsayin ƙaninsa da ya rasu tun ba a haife mu ba, amma dai ya san jininsa ne. Ni kaɗai, autarsa, ya mayar baƙuwa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ladabin. "Na gode, Sista. Allah ya saka." Da zagina yake yi da ya fi mini sauƙi.

Kullum da safe sai na yi masa jarrabawa. In tsaya a kansa da kofin ruwa in ce, "Baba, dube ni da kyau. Wace ce ni?" Ya ɗaga kai ya ƙare mini kallo, ya yi murmushin wanda ba ya son ba mutum kunya, ya ce, "Ai ke ce." Likita ya ce in daina, wai ina wahalar da shi ina wahalar da kaina. Na ce to. Washegari na sake. Taurin kan nan a wurinsa na gada, sai dai shi ya manta da nasa, nawa kuma yana nan daram. Ba wani abu mai yawa nake nema ba. So nake sau ɗaya tak, kafin ya tafi, ya dube ni ya san 'yarsa ce.

Sai kuma rigimar nama. Baba yana cin tuwonsa tas, ya sha miya, amma sai ya tura tsoka ɗaya gefen faranti da ɗan yatsa ya bar ta. Kullum. In na zo kwashe kaya ya ɗora hannu a kai, in janye farantin ina mita, in juye a kwandon shara. Na kai shi aka duba haƙoransa, aka ce lafiyarsu ƙalau. Na sa aka riƙa dafa naman har ya yi lugub. Na niƙa shi a inji, ya bi da cokali ya tattara shi gefe guda. Wata rana Mama ta ce, "Ki ci mana, kar ya lalace." Na ce, "Mama, ni na ce miki yunwa nake ji? Don shi na sayo." Mama ba ta maimaita magana, in ba ka ji ta farko ba kai ka sani.

Da damina ta yi nisa sai ya fara wani sabon abu. Ya zuba takalmansa a leda ya zauna a bakin ƙofa, wai a kai shi gida. Gida kuwa ƙauyenmu ne, can gaba da Samaru Kataf. Da muka ga abin ya ƙi wucewa Yaya ya ce mu kai shi ya yi mako guda. Na yarda da sauri har ya yi mamaki. Ban gaya wa kowa ba, amma a raina cewa nake wataƙila in ya ga dutsen garinsu da itatuwan da ya dasa, kansa zai buɗe, ni ma in samu shiga.

Muka kama hanya da sassafe, Yaya yana tuƙi, Baba a gaba, ni da Mama a baya da kularta a kan cinya. Tun asuba ta tashi ta dafa gwaten acha da yakuwa, don Mama ba ta yarda da abincin hanya ba. Har muka wuce Kagarko Baba barci yake. Wajen Kagoma ne ya farka, inda gonakin citta suka yi kore shar, babura suna ta wuce mu da sabuwar doya a ɗaure a baya. Ya gyara zama ya fara nuna abubuwa da baki. Ya ce doyar can an yi saurin tone ta. Ya ce wa Yaya ya rage gudu akwai kwana a gaba, kuma da kwanar. Na leƙa ta tsakanin kujeru na ce, "Baba, ka san inda muke?" Ya ce, "Sosai, Sista. Ke baƙuwa ce a nan, ko?" Na koma na jingina.

Muna shiga Kafanchan, muka tsallaka layin dogo, sai ya buga gaban mota da tafin hannu. "A tsaya wajen Madam."

Ni da Yaya muka dubi juna ta madubi. Mun fi shekara ashirin ba mu ji wannan magana ba.

Baba ma'aikacin jirgin ƙasa ne, a Kaduna muka tashi. Duk Kirsimeti sai mu hau jirgi mu sauka a Kafanchan, daga nan mu nemi motar ƙauye. Tsakanin saukar jirgi da hawan mota kuwa akwai doka ɗaya da ba ta tashi: sai mun ci abinci a rumfar Madam, bayan tasha kaɗan. Madam 'yar ƙabilar Ibo ce, aikin jirgi ya kawo mijinta, da ya rasu ta ce ita ba ta san wani gari ba sai wannan. Rumfar kwano ce mai labulen atamfa, da bencina uku, da kalandar majami'a a bango, da ƙarar taɓarya daga baya wadda ba ta yankewa. A duk shekara nan ne kaɗai muke cin abincin da ba Mama ta dafa ba, don haka a wurinmu ya fi ranar Kirsimetin kanta. Tun daga cikin jirgi muke haɗiyar yawu.

Mama kam ba ta taɓa yafe wa rumfar nan ba. Takan zauna a ƙarshen benci ta buɗe nata kwanon, ta ce ita ba ta san hannun da ya wanke farantin mutane ba. Madam kuma ta aiko mata da miya a ɗan kofi ta ce, "Ka ɗanɗana, Mama yara, ka koya." A Hausar Madam babu mace babu namiji, kowa "ka" ne. Haka suka yi shekara da shekaru suna wannan tsiya, kuma in za mu tafi sai sun riƙe hannun juna sun tambayi lafiyar yara ɗaya bayan ɗaya.

Na ce wa Yaya ai da wuya a ce wurin yana nan. Baba ya ce, "Bi nan. Sha kwana. Gaba da mai faci." Mai facin babu shi, shagon sayar da waya ne a wurin, tasha kuma ta yi tsit, ciyawa ta rufe ƙarafunan layi. Amma rumfar tana nan. An yi mata bangon bulo, kujerun roba sun maye gurbin bencina biyu, na ukun yana nan jikin bango. Ga Madam zaune kusa da tukwane da ludayi a hannu, ta ƙanƙance, kanta fari fat.

Ta ɗaga ido ta ga Yaya riƙe da hannun Baba. Ludayin ya faɗa cikin miya.

"Oga Relwe! Kai ne wannan? Ina ka ɓuya? Ka tsufa fa!"

Baba ya washe baki. "Ke ma ai ba a bar ki a baya ba. Miyar nan ta yau ce ko ta jiya?"

"Na shekaranjiya ne," in ji Madam, tana share ido da bakin zane. "Don kai na ajiye."

Wasansu ke nan tun ina yarinya, ko kalma ɗaya bai canja ba. Kowa ya yi dariya har da 'yan acaɓa biyu da ke cin abinci a gefe. Ni ban yi ba. Gaskiya kishi ne ya turnuƙe ni. Shekara biyu ina wanke masa kaya, ina kwana a kujerar asibiti, ina yanke masa farce, bai san ni ba. Ga mai sayar da abinci da rabonsa da ita tun ina makaranta, kallo ɗaya ya yi mata. Na zauna na haɗe rai kamar wadda aka yi wa dole.

Madam ta rungume Mama, sannan ta juyo kaina. "Wannan auta ne? Shi ne ya zama babban madam haka? Kai! Wanda yake kuka in an ba shi cokali?" Na saci kallon Baba ko ya ji. Yana can yana wanke hannu a roba, hankalinsa duk yana kan tukunya.

"Sakwara da agushi," ya ce. "Nama biyu. Ɗaya mai guringuntsi."

"Na sani, Oga. Yau na fara?"

Na buɗe baki zan ce likita ya hana manja da yawa, Yaya ya take mini ƙafa a ƙarƙashin tebur. Na rufe. Aka kawo abinci, sakwarar sabuwar doya tana tururi, naman akuya da fatarsa a kwance cikin miya. Baba ya cire hula ya yi addu'a daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe, ya roƙa wa hannun da ya dafa albarka cikin sunan Yesu, muka ce amin. Abin mamaki, Mama ta bar kularta a mota. Ta karɓi farantin Madam ta cinye tas, sannan ta ce gishiri ya yi yawa. Madam ta ce, "Shekara talatin ina jira ka faɗi haka."

Rabon da in ga Baba ya ci abinci irin na ranar har na manta. Ya yi loma manya, gumi yana bin goshinsa, ya cinye nama ɗaya har ya tsotse ƙashin. Sai ya sa ɗan yatsa ya tura ɗayan, mai guringuntsin, zuwa gefen faranti. Na ce a raina, ga shi nan kuma. Na miƙe tsaye na miƙa hannu ɗaya ta saman tebur zan ɗauke, in ce Madam ta ƙulle a leda.

Ya ɗora tafinsa a kai. "A'a, Sista. Ba naki ba ne."

Ya waiga dama, ya waiga hagu. Ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashin tebur. Ya dubi ƙofa. Fara'ar nan duk ta bar fuskarsa.

"Ina yarinyar nan?" ya tambayi Mama. "Yanzu tana nan. Kar ta je wajen layi fa, jirgin rana ya kusa."

"Wace yarinya, Baba?" in ji Yaya.

"Auta mana! Kai wane irin mutum ne, ba ka riƙe hannunta ba?"

Ya dafa tebur zai tashi. Ban san lokacin da murya ta ƙwace mini ba. "Baba, ni ce! Ni ce auta! Ga ni a gabanka!" 'Yan acaɓa suka daina tauna. Ƙarar taɓarya ma ta tsaya. Ya dube ni da ladabin nan nasa mai kashe jiki.

"A'a, Sista, ki yi haƙuri. Ita ƙarama ce." Ya miƙa hannu daidai tsayin tebur. "Kamar haka. Tana da giɓi. Don Allah a duba mini ita."

Idonsa ya ciko da ƙwalla. Ban taɓa ganin tsoro irin wannan a fuskar mahaifina ba, kuma saboda ni ne, ni da nake tsaye a kansa ina masa ihu.

Mama ba ta dube shi ba, ba ta dube ni ba. Ta juya fuskarta wajen ƙofa ta ɗaga murya, irin muryar da take kiranmu da ita daga tsakar gida a Kaduna.

"Auta! Babanki ya gama. Zo ki ɗauke kwano."

A gidanmu, in Baba ya gama cin abinci ba a ɗaukar kwanonsa haka kawai. Ƙaramin gida ake kira, ya zo ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu, abin da ya rage a ciki kuma nasa ne. Yaya ya ci zamaninsa, na zo na ture shi, kuma da yake ba a yi mini ƙani ba sai kwanon ya zama nawa har na tafi makarantar kwana. Baba bai taɓa cinye namansa ba. Ko tsoka ɗaya aka sa masa sai ya gutsura ya bar mini saura. A rumfar Madam kuwa biyu yake saye, don ya san ina son abin da ke ƙaras-ƙaras a baki. Duk wannan na san shi. Shekarun cin abinci da cokali a kan tebur ne suka binne shi, da ganin kaina da nake yi babbar mace mai gida da mota.

Na zaga tebur. Simintin a jiƙe yake da ruwan wanke hannu, ga ni da zanen fita. Na durƙusa a gefen ƙafarsa, gwiwa biyu a ƙasa, na miƙa hannu biyu.

Ya sunkuyo ya dube ni. Ya daɗe yana dubana. Sai ya kama kunnena ya ɗan murɗa, daidai inda yake kamawa.

"Ina kika shiga? In jirgi ya take ki me zan gaya wa uwarki?"

Ya saki kunnen ya miƙo mini farantin.

"Ungo. Ki ci a hankali, da ƙashi."

"Na gode, Baba."

A nan durƙushe na ci, a gaban 'yan acaɓa da Madam da matan da suka leƙo daga wajen turmi. Guringuntsin yana ƙara a bakina, hawaye yana zuba cikin farantin, hannunsa yana kan ɗankwalina. Ban taɓa cin abin da ya yi mini daɗi ya kuma yi mini ciwo kamar naman nan ba. Ina tauna ina tuna kwandon sharar kicin ɗina. Ashe duk ranar Allah, shekara biyu cur, mutumin da na ce ya manta da ni yana ajiye mini rabona, ni kuma ina fizge farantin da hannu ɗaya, a tsaye, ina mita, ina zubarwa a kan idonsa. Na ɗago na dubi Mama. Ta ce, "Ai na gaya miki ki ci."

Da na gama sai tashi ya gagara, gwiwar ba ta yarinya ba ce. Yaya ya kama ni yana dariya da jan ido. Kafin in karkaɗe zane in wanke hannu, Baba ya mayar da hularsa yana sallama da Madam, yana cewa sai wata Kirsimetin. Ta raka mu har mota, ta cusa wa Mama ƙullin agushi niƙaƙƙe ta ce ta je ta gwada ko za ta iya.

Mun kama hanyar Kagoro, duwatsu sun sha hazon ruwan sama, sai Baba ya juyo daga kujerar gaba.

"Sista, kin ga 'yar tawa ɗazu?"

Na ce, "Na gan ta, Baba."

"Ba ta jin magana. Ga faɗa kamar me. Amma tana da kai, ita ce ta ɗaya a ajinsu. Ita za ta riƙe ni in na tsufa, ki rubuta ki ajiye."

Mama ta lalubo hannuna ta matse. Haka muka wuce Samaru Kataf muka isa ƙauye.

Ƙauyen bai buɗe masa kai ba. Ya ga dutsen, ya ga itatuwan mangwaron, bayan kwana uku ya sake zuba takalma a leda wai a kai shi gida. Muka koma Abuja. Na daina jarrabawar safe. Na sa aka riƙa kai masa abinci a ɗan ƙaramin tebur, in ya gama Mama ta ƙwala kira, in zo in durƙusa. Ba zan yi ƙarya ba, ba kullum abin yake ci ba. Sau da yawa sai ya miƙo mini farantin ya ce, "Sista, ki ajiye mata, ta tafi wasa." In ce to, in shiga kicin in ci a tsaye ina kuka. Amma wasu ranakun, ba su da yawa, yakan kama kunnen nan. Don su nake durƙusawa sauran ranakun duka. Bai ga wata daminar ba.

Yanzu duk lokacin da hanya ta bi da ni Kafanchan sai na tsaya. Madam ta daina riƙe ludayi, a kujera take zama tana ba da umarni, amma in ta gan ni da kanta take tashi. Zuwana na farko bayan jana'iza ba ta yi mini doguwar gaisuwa ba. Ta riƙe hannuna ta ce, "Auta, sori. Oga ya huta." Sannan ta ce, "Nama nawa?"

Ban yi tunani ba na ce biyu.

Ta zubo, ɗaya mai guringuntsi. Na zauna a tsohon bencin nan na jikin bango na ci sakwarata, na ci nama ɗaya. Ɗayan kuma na zauna ina kallonsa har miyar ta huce, man ya daskare a kansa. Nawa ne, na sani. Ba wanda zai hana ni. Jira kawai nake a ce in zo in ɗauka.